Gad-gad ɗin ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka: me ya sa wasu ke shiga NBA, wasu kuma ko kallonsu ba a yi?

Sadiq Zariya:
Salamu alaikum jama'a. Tun da aka gama daraf ɗin 2025 (zaɓen sabbin ƴan wasa da ƙungiyoyin NBA ke yi) abu ɗaya ke damuna wallahi. Duk wanda ya kalli gasar Maris, wato gasar cin kofin jami'o'in Amurka, ya ga abin da Mark Sears na Alabama ya yi wa BYU, maki 34, jifan maki uku guda 10 shi kaɗai, ƙungiyarsu ta zura 25 a wasa ɗaya wanda ba a taɓa yi ba a gasar, kuma shi ne ya kai su zagayen huɗun ƙarshe a 2024. Amma aka kira mutum 59 cikin kwana biyu babu sunansa, sai daga baya Milwaukee ta ba shi kwantiragin tu-we (mai raba ɗan wasa tsakanin babbar ƙungiya da ƙaramar lig ɗinta). RJ Davis na North Carolina shi ma haka, ba wanda ya ɗauke shi. Sannan yaran da shekara ɗaya kawai suka yi a jami'a, wasu ko gasar Maris ɗin ba su shiga ba, su ne a sahun gaba. To wai me ake nema ne a wurin gad, wato mai riƙe ƙwallo da jifa daga nesa? In ba cin maki da cin wasa ba to mene ne?

Nura Fagge:
Wa alaikumus salam. Tsawo kawai Sadiq, kar ka wahalar da kanka. Sears bai kai ƙafa 6 ba. Shi ke nan magana ta ƙare.

Sadiq Zariya:
Haba Nura, in tsawo ne ai da Isaiah Thomas bai yi abin da ya yi a Boston ba, ƙafa 5 da inci 9 fa, kuma a kakar 2016-17 kusan maki 29 yake ci a kowane wasa.

Nura Fagge:
Na nawa aka ɗauke shi a 2011? Na 60, na ƙarshe ƙarshe. Kuma ka lissafo min mutum biyar irinsa a shekara ashirin ɗin nan in ka iya.

Koci Bala:
Yarana ku tsaya, ku biyun kowa ya riƙo wani ɓangare. Nura ya yi gaskiya tsawo na da tasiri amma ba don cin maki ba ne, don tsaron gida ne. Bari in yi muku bayani yadda abin yake a fili. A jami'a koci zai iya ɓoye gajeren gad ɗinsa, ya buga zon (kowa ya tsare yanki ba mutum ba), ya ajiye dogonsa a ƙarƙashin kwando ya yi ta zama a nan babu mai hura masa usur, in an wuce gajeren akwai mai jira a baya. A NBA akwai dokar daƙiƙa uku ga mai tsaro, ba za ka kafa dogo a ƙarƙashin raga ya zauna ba, kuma layin maki uku ya fi nisa, mita 7.24 ne a can, a jami'a 6.75, ga shi kusan kowa na iya jifa, don haka filin a buɗe yake. Abin da suke yi shi ne su dubi wanda ya fi rauni a cikinku, su kira wanda yake gadi ya zo ya yi wa tauraronsu shinge, ku yi musanya, sai ka ga ɗan ƙafa 5 da inci 11 ya rage shi da Jayson Tatum ko Luka su biyu. Za su maimaita wannan sau goma a jere har kocinka ya cire ka. To ƙungiya tana tambayar kanta ne, makin da yaron nan zai ci mana ya fi wanda za a ci ta kansa? In kai ba irin Trae Young ba ne da za a ba ka ƙwallo gaba ɗaya a gina ƙungiya a kanka, amsar yawanci a'a ce.

Abu na biyu kuma wanda matasa ba sa son ji, a Alabama Sears shi ne mai ƙwallo, shi ke yanke shawara, in ya ɓarar da biyar a jere ba mai cire shi. A NBA kowace ƙungiya ta riga ta mallaki mai wannan aikin kuma ana biyansa miliyoyi. Gurbin da ya rage na wanda zai shigo minti 12 ne, ya matsa wa mai ƙwallo tun daga tsakiyar fili, ya tsaya a kusurwa ya jefa in an ba shi, kar ya zubar da ƙwallo. Aiki ne daban kwata-kwata da wanda ya yi shekara biyar yana yi.

Auwal Houston:
Koci ka gama magana. Ƙari a kan haka shekaru. Sears sai da ya yi shekara biyar, biyu a Ohio uku a Alabama, saboda ƙarin shekarar da aka ba su ta korona. A nan masu farautar ƴan wasa suna kallon ɗan 23 da ke cin yara ƴan 18 da 19 a matsayin wanda ya riga ya kai iyakarsa, shi kuma ɗan 19 suna sayen abin da zai zama ne nan da shekara huɗu. Dylan Harper ƙungiyarsa Rutgers ko gasar Maris ba ta samu shiga ba amma San Antonio ta ɗauke shi na 2, saboda dogo ne ga jiki ga ƙuruciya. Jeremiah Fears na Oklahoma shi ma na 7, jifansa na nesa ma bai zauna ba tukuna, amma yaro ne sosai.

Sadiq Zariya:
To ai wannan shi ne rashin adalcin da nake faɗa Yaya Auwal. Ana sayen abin da ba a gani ba ana barin wanda aka gani da ido. Jalen Brunson fa? Kofi biyu a Villanova, 2016 da 2018, gwarzon ɗan wasan jami'o'i na ƙasa baki ɗaya a 2018, aka bar shi har na 33 wai gajere ne ba shi da sauri ba ya tsalle. Yau wa ke riƙe da New York? Shi ya kai su fainal ɗin Gabas a 2025. Ƙungiyoyi nawa ne suka wuce shi suka ɗauki dogayen da yanzu ba a ma san inda suke ba? Johnny Davis na Wisconsin na 10 aka ɗauke shi a 2022, James Bouknight na 11 a 2021, duk suna da tsawon da ake so, ina suke?

Danjuma Jos:
Sadiq ka kawo Brunson to ka kawo sauran ma mana. Jimmer Fredette gwarzon 2011, kusan maki 29 a kowane wasa a BYU, na 10 a daraf, bai taɓa samun gindin zama a NBA ba. Trey Burke gwarzon 2013, na 9, ya ƙare yana yawo daga benci zuwa benci. Frank Mason na Kansas gwarzon 2017, shekara ɗaya kafin Brunson, na 34, ƴan shekaru kaɗan ya fita. Jonny Flynn aka ɗauka gaban Curry a 2009. Kai abin ba ya da tabbas ta kowane ɓangare, amma in ka jera gajerun da suka yi tashe a jami'a waɗanda suka faɗi sun fi waɗanda suka tsaya yawa nesa ba kusa ba.

Koci Bala:
Kuma Brunson ku lura da shi da kyau, ba irin sauran gajerun ba ne. Yana da ƙirji da cinya, yana juya wa mai gadinsa baya kamar dogo, tun a Villanova suna ba shi ƙwallo a kusa da kwando ya yi aiki da ƙafa. Ba ya dogara da gudu, yana dogara da tsayawa cak da canza taki, mai gadi ya wuce shi kuma ya jefa. Irin wannan ba ya lalacewa don ka haɗu da waɗanda suka fi ka sauri. Wanda duk wasansa gudu ne a jami'a, ranar da ya shiga inda kowa ke da gudun sai ya rasa abin yi. Kuma mahaifinsa Rick Brunson ya buga NBA, yaron ya taso ya san yadda ake rayuwar benci da haƙuri, a Dallas ma ai ba a rana ɗaya ya fara shiga biyar ɗin farko ba.

Nura Fagge:
Ni fa har yanzu ina kan bakana. Ku dubi fainal ɗin NBA na 2025 tsakanin Oklahoma da Indiana, Shai ƙafa 6 da inci 6, Haliburton 6 da 5. Cade Cunningham a Detroit 6 da 6. Foyin gad, mai tsara wa ƙungiya wasa, na yanzu ke nan. Zamanin ɗan ƙaramin gad ya wuce.

Maman Hanif:
Malam Nura fainal ɗin da ka kawo ita ce ma ke karya maka hujja. Wa ya riƙa tayar wa Oklahoma hankali daga bencin Indiana? TJ McConnell, ɗan ƙafa 6 da inci 1, ba wanda ya ɗauke shi a daraf ɗin 2015 bayan ya gama Arizona, ga shi shekara goma yana ciki. Andrew Nembhard na 31 aka ɗauke shi daga Gonzaga bayan shekara huɗu a jami'a, shi aka ɗora wa gadin Shai. A ɗaya ɓangaren Caruso ba a ɗauke shi ba a 2016, Lu Dort ba a ɗauke shi ba a 2019, su ne ƙashin bayan difens ɗin da ya ci kofin. Abin da ya haɗa su duka shi ne sun yarda su yi aikin da taurari ba sa so. Ni abin da nake gani matsalar ba ta tsawo ba ce kaɗai, yawancin masu cin maki 20 a jami'a ba su taɓa koyon yin wasa babu ƙwallo a hannunsu ba tun suna yara.

Nura Fagge:
Hajiya Caruso ai dogo ne, Dort kuma kin ga jikinsa. McConnell kaɗai na yarda.

Maman Hanif:
To ƙara da Jose Alvarado, da VanVleet, da Payton Pritchard da ya ci kyautar gwarzon benci a 2025. Ba su da yawa na yarda, amma ƙofar ba a rufe take ba, ƙunci ne da ita.

Sadiq Zariya:
Yauwa VanVleet! Na gode Hajiya. Shekara huɗu a Wichita State, 2016 ba a kira sunansa ba, Toronto ta ɗauke shi ya je ya buga ƙaramar lig ɗinsu, 2019 ya ci kofi yana gadin Curry a fainal, 2022 ya shiga wasan taurari. Kuma wa ke shugabancin Toronto lokacin? Masai Ujiri namu da ya taso a nan Zariya, shi kansa gad ne da ya je ƙaramar kwaleji a Amurka ya ƙare da buga wasa a Turai bai taɓa taka NBA a matsayin ɗan wasa ba. Ina ganin shi ya sa ya san darajar irin waɗannan yaran.

Danjuma Jos:
Toronto ɗin dai ita ta ba Markquis Nowell tu-we a 2023, bayan ya ba da asis (miƙa ƙwallon da aka ci maki da ita) 19 a wasa ɗaya da Michigan State, tarihin gasar Maris. Wallahi ban taɓa ganin foyin gad ya buga wasa irin na ranar ba, da ciwo a idon sawu ma. Amma ƙafa 5 da inci 7 ko 8 ne, kusan bai taka filin NBA ba aka sallame shi. Ka ga ko wurin masu ba da dama akwai iyaka.

Ibro Maraɗi:
Sannunku da muhawara. Ni abin da ke ba ni mamaki da ku ƴan Najeriya kullum in an ce sana'ar ƙwallon kwando sai ku ce NBA, kamar babu wata a duniya. Mu nan muna kallon EuroLeague da lig ɗin Faransa sosai. Mike James daga ƙaramar jami'ar Lamar ya fito, ba a ɗauke shi ba a 2012, ya fara daga ƙananan ƙungiyoyi ya bi ta Italiya da Girka da Sifen da Rasha, yau shi ne ya fi kowa cin maki a tarihin EuroLeague kuma ya zama gwarzon gasar a 2024 da Monaco. Shane Larkin na jami'ar Miami an ɗauke shi na 18 a 2013 bai zauna ba, ya je Anadolu Efes ya ci kofi biyu a jere 2021 da 2022 har Turkiyya ta ba shi takardar zama ɗan ƙasa yana buga mata. Kendrick Nunn ya bar NBA ya je Panathinaikos ya ci kofi a 2024, a 2025 shi ne gwarzo. Waɗannan za ku ce sun faɗi? Mutum yana buga wasa gaban dubban ƴan kallo a Atina yana karɓar miliyoyi yana riƙe da danginsa. Fredette da Danjuma ya ambata ma a Shanghai ya taɓa cin sama da maki 70 a wasa ɗaya, ya kuma je Olamfik na Faris a wasan uku-uku.

Danjuma Jos:
Ban ce rayuwarsa ta lalace ba Ibro, na ce a NBA bai zauna ba, kuma maganar Sadiq a kan daraf take.

Ibro Maraɗi:
Na gane, amma tambayar da ta dace ita ce wa zai iya cin abinci da wasan nan, ba wa za a kira sunansa a dare ɗaya ba. Kuma Turai ɗin ma ba kowa take karɓa ba fa. Kocin Turai ba ya wasa, in ba ka iya karanta shinge da mirgine ba, in ba ka jure ihu da atisaye sau biyu a rana ba, kafin kaka ta yi nisa sun sallame ka sun kawo wani. Yawancin lig-lig suna da iyakar baƙi da za a yi wa rajista, don haka Ba'amurken da aka kawo dole ya fi ɗan gida a fili ƙarara. Kuma a ƙananan ƙungiyoyi akwai inda albashi ke makara. Shi ya sa fasfo na biyu ke da daraja, wanda ke da iyaye ƴan Afirka a wasu ƙasashen kamar Faransa da Sifen ba a ƙirga shi cikin gurbin Amurkawa saboda yarjejeniyar Kotonu, nan take kasuwarsa ta ƙaru.

Auwal Houston:
Bari in sa muku lissafi a gaba don a san girman abin. Jami'o'in rukunin farko sun haura 350, kowacce tana da gad huɗu ko biyar ko fiye. Daraf mutum 60 ne in ba a ƙwace wa wata ƙungiya zaɓi ba, a cikinsu akwai ƴan Turai da Ostireliya da sauransu, akwai dogaye. NBA ƙungiya 30, kowacce mutum 15 sai tu-we uku. Hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA da kanta tana cewa kusan ɗaya cikin ɗari ne ake ɗauka. Kuma ko an ɗauke ka, zagayen farko ne kawai ke da tabbacin shekara biyu na albashi, zagaye na biyu sai yadda wakilinka ya iya ciniki. Tu-we ɗin da ake rainawa kuɗinsa ya haura dala dubu 500 a shekara, amma wasa 50 kawai za ka iya shiga jerin babbar ƙungiya, ba ka buga wasannin fitar da gwani, kuma za a iya yanke ka kowane lokaci. In kuwa G League ce zalla, wato ƙaramar lig ɗin NBA, a kakar 2024-25 albashin wajen dala dubu 40 ne. Ga bambancin nan.

To yanzu kuma NIL, wato damar cin kuɗi da suna da hoto, ta canza komai. Tun Yulin 2021 ɗan wasan jami'a na iya karɓar kuɗi da sunansa da hotonsa, a 2025 kuma kotu ta amince jami'o'i su riƙa biyan ƴan wasa kai tsaye, wajen dala miliyan 20 da rabi kowace makaranta a shekarar farko a raba tsakanin wasanni. Gad ɗin da ya san zagaye na biyu zai faɗa ko ba za a ɗauke shi ba gwara ya zauna a makaranta, kuɗin da zai samu zai iya fin na tu-we. Braden Smith na Purdue shi ne gwarzon rukunin jami'o'i na Big Ten kuma shi aka ba kyautar foyin gad mafi kyau a 2025, ya koma ya yi shekararsa ta huɗu. Ni ban ga laifinsa ba ko kaɗan.

Sadiq Zariya:
Amma Yaya Auwal ba kai ka ce shekaru na rage daraja ba? In ya zauna ya ƙara tsufa ai ƙofar ƙara rufewa take.

Auwal Houston:
Ga wanda ake hasashen zagayen farko eh, ya fita kawai. Ga ɗan ƙafa 6 kamar Smith ko ya fita bana ko baɗi tsawonsa ɗaya ne, abin da za a ce a kansa ɗaya ne, to gara ya kwashi abin da ke hannu ya kuma karɓi digirinsa.

Koci Bala:
Kuma zaman ba kullum yake cutarwa ba. Walter Clayton ya fara a Iona ƙaramar makaranta, ya koma Florida, shekara huɗu cif. A gasar Maris ta 2025 ya ci Texas Tech 30 ya ci Auburn 34. Amma ni wasan da ya fi burge ni shi ne fainal da jami'ar Houston, sun rufe shi ruf bai ci ko maki ɗaya ba kafin hutun rabin lokaci, bai rikice ba bai fara jifan hauka ba, ya riƙa raba ƙwallo har wasan ya dawo, suka ci 65 da 63, kuma shi ya fito ya tare mai jifan ƙarshe. Masu farauta irin wannan suke so su gani, me kake yi ranar da ƙwallo ta ƙi shiga. Aka ɗauke shi na 18 ya tafi Utah. Lillard ma shekara huɗu ya yi a Weber State, Curry uku a Davidson, Ja Morant biyu a Murray State, duk ƙananan makarantu. In kana da abu ɗaya da ya kai matakin NBA za su same ka ko ina kake.

Nura Fagge:
Koci to Reed Sheppard fa? Ya jefa sama da kashi 50 cikin ɗari na maki uku a Kentucky, Houston ta ɗauke shi na 3 a 2024, shekarar farko kusan a benci ya ƙare ta.

Koci Bala:
Shekara ɗaya ba a yanke wa gad hukunci Nura. A duk gurabe biyar na fili foyin gad ne ya fi daɗewa bai nuna ba, don shi ne zai haddace tsarin kowa, agogo ya ragu daga daƙiƙa 30 zuwa 24, wasa daga 30 da ɗoriya zuwa 82, ga tafiye-tafiye. Kuma ya faɗa ƙungiyar da ke neman nasara yanzu-yanzu, kocin ba zai bar shi ya yi ta kuskure yana koyo ba. Inda ka faɗa ma rabo ne babba. Da wata ƙungiyar da ke ginin gaba ce ta ɗauke shi da minti 30 zai riƙa samu.

Maman Hanif:
Tunda an taɓo ƴan asalin gida, kar a manta Gabe Vincent. UC Santa Barbara ya yi, ya ji ciwon gwiwa a can, 2018 ba a ɗauke shi ba, ya je Stockton a G League yana jifa kamar ba gobe, Miami ta ba shi tu-we a farkon 2020. A can aka ce masa cin maki ba shi ne aikinka ba, ka koyi gadi ka koyi riƙe ƙwallo, ya yarda. Yuli 2021 a Las Vegas ya ci maki 21 ranar da D'Tigers, ƙungiyar ƙasa ta Najeriya, suka doke Amurka 90 da 87, 2023 shi ne foyin gad ɗin Miami a fainal, daga nan Lakers suka ba shi shekara uku dala miliyan 33. Josh Okogie da aka haifa a Legas ya yi Georgia Tech aka ɗauke shi na 20 a 2018, shi ma difens ne ya riƙe shi a lig ɗin duk da jifansa bai taɓa zama ba. Ayo Dosunmu tauraro ne a Illinois amma sai na 38 Chicago ta ɗauke shi, ya shiga ta hanyar gadi shi ma.

A ɓangarenmu na mata kuwa abin ya fi tsanani. Kowa na ganin Caitlin Clark da Paige Bueckers da aka ɗauka na 1 a 2024 da 2025, amma WNBA mutum 12 ne a ƙungiya kuma ƙungiyoyin kaɗan ne, ana ɗaukar yarinya a daraf a Afrilu a sallame ta kafin a fara kaka a Mayu. Ezinne Kalu daga Savannah State ta fito, a Turai ta gina sunanta, ta zama gwarzuwar AfroBasket a 2019, kuma ita ta ja D'Tigress zuwa zagayen kwata fainal a Faris 2024. Hanyar da Ibro ke faɗa ke nan.

Sadiq Zariya:
To Koci tambaya ta gaskiya, yaro ɗan Zariya ko Kano ko Kaduna mai ƙafa 6 da inci 1 da ke buga gad, yana da hanya ta jami'ar Amurka?

Koci Bala:
Sadiq ba zan yi maka ƙarya ba, da wuya ƙwarai. In kocin Amurka ya zo Afirka dogo yake nema, mai ƙafa 6 da inci 9 zuwa sama, don gad suna da su birjik a kowane gari, yaran da suka fara tun suna shekara biyar da koci da ɗakin wasa mai katako. Ku duba gad-gad ɗin D'Tigers da Hajiya ta lissafo, kusan duk a can suka taso. Namu yaran a siminti suke koyo, da yawa sai sun kai 14 ko 15 suke fara riƙe ƙwallo, hannun hagu babu, kuma ba su saba da wasa mai tsari da alƙali da agogo ba saboda lig ɗinmu ta gida yau tana nan gobe babu. Wanda ya samu tafiya yawanci ta ƙaramar kwalejin shekara biyu yake bi ko rukuni na biyu, kuma wannan ba abin rainawa ba ne, karatu kyauta ne. Daga nan in ya yi kyau akwai ƙananan lig na Turai, akwai ƙasashen Larabawa, akwai BAL, gasar ƙungiyoyin Afirka, da aka fara a Kigali a 2021, Rivers Hoopers ma sun zo na uku a 2024.

Auwal Houston:
Kuma a sani ɗalibin da ya zo da bizar karatu ba ya cin kuɗin NIL kai tsaye kamar ɗan ƙasa, dokar bizar ta taƙaita masa aiki a cikin Amurka, sai an bi ta wasu hanyoyi da lauyoyi. Kar wani ya ji miliyoyin nan ya ɗauka da ya sauka za a miƙa masa. Sannan takardun sakandare sai sun cika, NCAA na tantance sakamako kafin ka taka fili, yara da yawa a nan suke maƙalewa ba a wasan ba.

Ibro Maraɗi:
BAL ɗin ma ku lura, guraben baƙi da ƙungiyoyi ke da su yawanci gad Ba'amurke suke sayowa da su, irin waɗanda suka gama jami'a ba a ɗauke su ba ɗin nan. Wato yaron gida ko a gidansa da su Sears ɗin zai yi takara.

Danjuma Jos:
Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa nake ganin ƙungiyoyinmu su riƙa ba gad na gida minti ko da za a sha kashi a farko, in ba haka ba har abada sai dai mu yi ta haifar dogaye muna aro masu riƙe musu ƙwallo.

Nura Fagge:
Wace ƙungiya ce za ta yarda ta sha kashi Danjuma, gasa ce gajera kowa kofi yake so.

Sadiq Zariya:
Ni dai zan bi Summer League, gasar gwajin sabbin ƴan wasa ta NBA a Las Vegas, in ga Sears da Ryan Nembhard, shi ma ya fi kowa asis a jami'o'i a 2025 a Gonzaga ba a ɗauke shi ba sai tu-we a Dallas. Koci a cikin su biyun wa kake ganin zai fi daɗewa?

Koci Bala:
Nembhard. Aikin da ya yi a Gonzaga shi ne dai aikin da za a ba shi a Dallas, ya raba ƙwallo kar ya zubar, ba sai ya canza komai ba illa ya nuna zai iya jefawa in an bar shi shi kaɗai. Sears kuwa Milwaukee ba ta ɗauko shi don ya riƙa jifa 18 a wasa ba, sai ya koyi sabon aiki yana ɗan 23, kuma ya yi gadin mutanen da suka fi shi da inci biyar ko shida. In ka zauna kallon kar ka tsaya ƙirga maki, ka duba ko yana kutsawa ta saman shinge ya bi mutuminsa ko kuwa kullum a baya ake barinsa.

Maman Hanif:
Sadiq in ka samu jadawalin da lokacin Najeriya ka turo mana nan don Allah, wasannin Vegas yawanci tsakar dare suke faɗowa, sai na san waɗanda zan tsaya wa.